Funfuna, Baƙuwar Damina a Ɗakin Uwargida

Duk wanda ya taɓa yin damina a Kucheri ya san halin watan Agusta. Hadari ya haɗo daga gabas, a kwana ana ruwa, a wuni ana yayyafi, wani lokaci a yi kwana uku ko huɗu rana ba ta leƙo sosai ba. Manomi yana murna, gama gero ya fid da kai, dawa da masara sun yi shar tun daga Wanzamai har Magazu da Tsafe. Amma a cikin gida uwargida tana da nata labari dabam. Wanki ba ya bushewa, ashana ba ta kamawa, gishiri ya jiƙe a cikin kwano. Ɗaki kuwa sai ya soma wani irin wari mai nauyi, kamar na tsohon buhu da aka manta a bayan rumbu. A kunna turaren wuta, warin ya lafa na ɗan lokaci, gari ya waye ya komo.

Ruwa ba ya tsami banza. Wannan wari na funfuna ne, wadda mu a nan ƙasar Zamfara muke ce mata hunhuna, kuma sau da yawa tana ƙarƙashin ƙafafunmu ne, watau a bayan kafet ko dardumar da muke taƙama da ita.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne wata yarinya a ajinmu. Yarinya ce mai ƙoƙari, amma da ruwa ya kankama sai ta riƙa fashin makaranta, ran da ta zo kuwa tari da atishawa ba sa barinta ta ji karatu. Da rani lafiyarta lau. Wata ranar Asabar muka je gaishe su. Ɗakin mahaifiyarta tsaf yake, jere a kintse, gado a gyare, ga kafet ja daga bango zuwa bango. Amma muna zama sai hanci ya gaya mana abin da ido bai gani ba. Muka nemi izini muka ɗaga kusurwar kafet ɗin da ke bayan gado. Bayansa ya yi dabbare-dabbare da baƙi da kore, simintin kuma yana naso kamar bayan randa. Matar ta riƙe baki, ta ce, “Malam, ai ba ranar da ba na share shi.” Gaskiya ta faɗa. Ba ƙazanta ba ce. Kafet ɗin yana cikin kayan ɗakin da mahaifinta ya yi mata, tun ran da aka yi jere kuwa ba a taɓa ɗaga shi ba, a kansa kuma yarinyar take kwana bisa 'yar katifa mara kauri, hancinta bai fi taƙi ɗaya daga wurin ba.

Mu ba likitoci ba ne, saboda haka abu na fari da muka ce shi ne a kai ta asibiti, aka kuwa kai ta. Abu na biyu shi ne a fitar da kafet ɗin. Wannan ya fi na farin wuya, za mu komo kansa.

Mece ce funfuna?

Kowace shekara mukan yi wani ɗan gwaji tare da 'yan aji biyar. Mukan yanki burodi kashi biyu. Ɗaya mu yayyafa masa ruwa kaɗan, mu ƙulle shi a farar leda, mu ajiye a lungun kabad. Ɗayan mu bar shi a bakin taga inda iska ke bugawa. Bayan 'yan kwanaki na bakin taga ya bushe ƙayau, ba abin da ya same shi, na cikin leda kuwa ya tsiro fari-fari kamar auduga, daga baya ya koma kore da baƙi. Yara sukan tambaya, wa ya shuka wannan? Amsa ita ce, irin yana cikin iska tun dā. Funfuna abu ne mai rai, dangin naman kaza da yis ɗin da ake tashin burodi da shi. Irinta ya fi ƙura ƙanƙanta, ido ba ya ganinsa, ba kuwa ɗakin da babu shi, ko na sarki ne. Ba mai iya kore shi daga gida. Abin da mutum zai iya shi ne ya hana shi wurin tsirowa.

Abu uku take bukata, danshi, da abinci, da wurin da iska ba ta motsi. Ɗumi kuwa ƙasarmu ta ba ta kyauta. Da hunturu danshin iska a wannan yanki yakan sauka ƙasa da 20 cikin 100, shi ya sa leɓe ke tsagewa, funfuna kuwa ta kwanta barci. A Agusta yakan haura 70 cikin 100, nan ne take farkawa. Masana sun ce in abu ya jiƙe bai bushe ba cikin awa 24 zuwa 48, ta sami ƙofa ke nan. Ku lura, kwana ɗaya zuwa biyu kawai.

Ba dukan danginta ne miyagu ba. A shekara ta 1928 wani likitan bincike a birnin Landan, Alexander Fleming, ya ga funfuna ta faɗa cikin kwanon gwajinsa ta kashe ƙwayoyin cutar da ke kewaye da ita, daga nan aka sami maganin fenisilin da ya ceci rayuka masu ɗimbin yawa. Amma wadda take bayan kafet ba magani take yi mana ba.

Iyayenmu da daɓensu

Yana da kyau mu tambayi kanmu me ya sa kakanninmu ba su sha wannan wahala kamar mu ba, ga shi kuwa a ɗakin ƙasa suka zauna. Ɗakinsu daɓe ne, mata su taru su buge shi da madaɓi, a shafe shi da makuba. Shimfiɗarsu tabarmar kaba ce, ko buzu, ko karauni. Gari na wayewa a naɗe tabarma a jingine, a share daɓe, ƙasa ta sha iska wuni guda. In yaro ya yi fitsari, a fitar da tabarmar a watsa mata ruwa, kafin azahar ta bushe. Ba su san sunan ko ƙwayar cuta ɗaya ba, amma al'adarsu ta hana danshi kwana biyu a wuri ɗaya.

Mu kuwa muka zo da siminti, da ledar ɗaki, da kafet, muka shimfiɗa su bisa juna, muka danne da gado da kabad da kujeru, muka ce mun ci gaba. Ba laifi ba ne mutum ya so ɗaki mai kyau. Amma mutane da yawa suna tsammani siminti ba ya shan ruwa, alhali kuwa yana sha. Yana da ƙananan kafofi da suke jawo laima daga ƙasa, kamar yadda lagwani yake jawo kananzir. Maginin da ya san aikinsa yakan shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa kafin ya zuba kankare, domin ya yanke wannan hanya. A gidajenmu da yawa ba a yi haka ba, ko don tsimin kuɗi, ko don ba wanda ya faɗa. In simintin a buɗe yake, laimar takan fita ta bi iska ba wanda ya sani. In aka rufe shi da leda ko kafet mai soso a baya, sai ta rasa mafita ta taru a nan.

Abinci kuwa ba ta rasawa. Gashin yawancin kafet na yanzu na roba ne, funfuna ba ta cinsa. Amma tana cin abin da ya maƙale a cikinsa, watau ƙura, da dattin ƙafa, da kunun da ya zube, da nonon da jariri ya tumbuɗa, da fitsari. Waɗansu kuma bayansu an saƙa shi da zare irin na buhun algarara, wannan kuwa tuwo ne da miya a gare ta. Tsintsiya sama-sama take sharewa, mai laushin yana sauka ƙasa.

Ga wata dabara mai sauƙi ta gane ko ƙasan ɗakinku yana jan ruwa. Ku ɗaga shimfiɗa, ku goge wurin, ku yanko farar leda kamar faɗin faifai biyu, ku manne gefunanta huɗu da salatif a kan simintin yadda iska ba za ta shiga ba. Ku bar ta kwana ɗaya. In kun tarar da gumi a ƙarƙashinta, ko simintin wurin ya fi na kewaye duhu, to, daga ƙasa laimar take zuwa, kuma kowane irin kafet kuka shimfiɗa a nan da damina, asara kuka shimfiɗa. In wurin a bushe yake, sai ku nemi ɓarawon a wani wuri. Ku dubi gindin bango daga waje, ko ruwan indararo yana zuba a nan yana kwanciya. Ku dubi kwanon rufi da rana tsaka, ko haske yana shigowa ta ramin ƙusa. Ku dubi inda randa take zaune, da igiyar da ake shanya wanki a cikin ɗaki. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Wanda ya wanke kafet bai toshe hanyar ruwa ba, zai sāke wankewa kafin wata ya mutu.

Akwai kuma wani dalili da ba mu da shi a dā. Saboda halin rashin tsaro da wannan yanki ya shiga a shekarun nan, magariba na yi kowa ya rufe ƙofa da taga ruf, mutum shida ko bakwai su kwana a ɗaki ɗaya, numfashinsu da guminsu duk suna ƙara wa ɗakin laima. Ba za mu ce wa kowa ya kwana da taga a buɗe ba. Amma da gari ya waye, a buɗe kome, a ɗage labule, a bar iska ta ratsa, ko da ana yayyafi.

Abin da take yi wa jiki

A shekara ta 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin jagora a kan laima da funfuna a cikin gidaje. Abin da ta tattara daga bincike a ƙasashe dabam dabam shi ne, mazaunan gida mai laima sun fi yawan fama da tari, da shessheƙa, da toshewar hanci, da cututtukan hanyar numfashi, mai ciwon fuka kuma, watau asma, ciwonsa yakan ƙara tashi. Ba kowa take kamawa daidai ba. Maigida da yake wuni a gona ko kasuwa watakila ba zai ji kome ba, har ya ce raki ne na mata. Waɗanda suka fi shan wuya su ne jariri mai rarrafe, da yaron da yake kwana a ƙasa, da tsofaffi, da wanda wata doguwar cuta ta raunana. Alama ɗaya da uwa za ta lura da ita ita ce, yaro ya sami sauƙi in ya kwana a wani gida, ya komo ɗakinsu tarin ya dawo. Amma kada a ɗora wa funfuna kowane tari. Tarin da ya kai mako biyu, ko mai zuwa da zazzaɓi da rama, na asibiti ne, a je a gwada.

Yadda za a yi da kafet ɗin da ya kamu

Kada a goge shi a cikin ɗaki, gama burushi zai tā da irin ya cika wurin. A zaɓi ranar da gari ya washe, a naɗe shi a hankali, a fitar da shi bayan gida nesa da yara da madafa. Mai aikin ya ɗaure hanci da baki da takunkumi, irin wanda muka saba da shi a shekara ta 2020, ko ƙyalle mai ninki, ya sa leda ko safar roba a hannu. Mai asma kada ya yi wannan aiki sam. A rataye kafet ɗin bisa igiya mai ƙarfi ko katanga, a bar shi ya sha rana tukuna, sa'an nan a kaɗe shi da sanda, mutum yana tsaye ta inda iska take fitowa. Bayan haka a wanke wurin da ya kamu da omo da burushi, gaba da baya, bayan ma ya fi muhimmanci. A ɗauraye sosai. Sa'an nan a jiƙa wurin da ruwan kal fari, wanda waɗansu suke kira biniga, ana samunsa a kantunan Tsafe da Gusau. A bar shi kamar awa ɗaya, a sāke ɗaurayewa. Warinsa yakan tafi in ya bushe.

Shanya ita ce rabin aikin. Kada a shimfiɗa shi a ƙasa, gama ƙasar damina ba ta bushe kome. A rataye shi yadda iska za ta bi ta kowane gefe, a riƙa juyawa, a shigar da shi rumfa kafin raɓa ta sauka. Saman kafet yakan yi saurin ruɗin mutum. A danna bayansa da tafin hannu, a sunsuna. In akwai sanyi ko wari, bai yi ba, ko da ya kwana uku a igiya.

Ruwan bilic irin su Jik da Hypo yana da amfani, amma a kan simintin, ba a kan kafet ba, domin yana cin launi, yana kuma lalata darduma ta ulu. Ma'aunin da ma'aikatan lafiya suke bayarwa shi ne kofi 1 a cikin ruwa kamar lita 4. A wanke ƙasan da omo tukuna, a shafa wannan, a buɗe ƙofa da taga, a bar shi ya bushe sarai. Ga gargaɗin da muke roƙo kowace uwargida ta riƙe: kada a haɗa bilic da ruwan kal, ko da ruwan wanke masai, ko da wani magani dabam, da nufin ya ƙara ƙarfi. Haɗin yana fitar da iska mai guba da take ƙone ido da huhu, a ɗaki rufaffe kuwa tana iya kā da mutum.

Tabarmar roba ba ta da wuya, omo da rana sun ishe ta. Tabarmar kaba a goge ta da ɗan ruwa kaɗan, kada a jiƙa ta sharkaf. Buzu kuwa a goge bayansa da tsumma mai ɗan ruwan kal, a shanya a inuwa mai iska, gama rana mai zafi takan sandarar da fata.

Wani lokaci kuma gyara ba ya yiwuwa. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ba da ma'auni cewa in wurin da ya kamu bai kai ƙafa 3 tsawo da ƙafa 3 faɗi ba, mai gida yana iya yin aikin da kansa, ta kuma ce abu mai shan ruwa irin kafet, in funfuna ta shige cikinsa, sau da yawa sai dai a yar. A namu ganin, in bayan kafet yana marmashewa a hannu, ko an wanke an shanya sau biyu warin yana nan, ko kuwa ruwan ambaliya da ya bi ta kwata da masai ne ya jiƙa shi, to, ya gama aikinsa. Kada a ba maƙwabciya matalauciya da sunan taimako. Kada kuma a ƙone shi a tsakar gida, hayaƙin roba ba abin shaƙa ba ne.

Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna cewa wannan ba sabuwar damuwa ba ce. A Littafin Firistoci, ƙarshen sura 13 da kuma sura 14, an ba Isra'ilawa ka'ida a kan tabo mai kore ko ja da yake fitowa a tufa, ko fata, ko bangon gida. Firist yakan duba, ya keɓe abin kwana 7, ya sāke dubawa. In ya yaɗu, a hallaka shi. In bai yaɗu ba, a wanke a sāke jira, a kuma iya yage wurin da ya kamu a bar sauran. In a bango ne, a cire duwatsun, a kankare, a yi sabon yaɓe, a kai tarkacen bayan gari. Mukan yi mamakin yadda wannan tsari ya yi kusa da abin da ma'aikatan lafiya suke koyarwa a yau: a duba, a jira a ga ko yana yaɗuwa, a cire abin da ya kamu, kada a shafe kansa da fenti a ce an gama.

Wannan yagewa ita ce ta fisshe mu a gidan ɗalibarmu. Matar ba ta yarda a yar da kafet ɗin ba, mu ma ba mu ga laifinta ba. Kayan ɗaki ba kaya ba ne kawai, mutuncin mace ne a gidan miji, da gumin iyayenta, ba kuwa kuɗin wata ɗaya ne suke sayen wani ba. Sai da wata dattijuwa cikin zumuntar mata ta sa baki. Aka auna, aka yanke wajen kashi ɗaya cikin uku, watau gefen bango da ƙarƙashin gado, aka wanke sauran, wani tela ya dalle bakinsa. Ya zama darduma ta tsakiyar ɗaki wadda mace ɗaya take iya naɗewa ta fitar. Maigidan ya tona ɗan lambatu a bayan ɗakin, ya yi wa gindin bango ciko, domin ruwan indararo ne yake kwanciya a nan. Yarinyar kuma aka sama mata ɗan gado. Tana shan maganin da aka ba ta, fashin makarantar ya ragu ƙwarai.

Sauran magana ga waɗanda tilas ta sa suka kulle ɗakunansu suka koma Tsafe, ko Gusau, ko Funtua na ɗan lokaci. Ɗakin da aka kulle da damina shi ne ledar burodin nan tamu. In hali ya yi kafin ku tashi, ku naɗe kafet da darduma a bushe, ku ɗora su bisa gado ko benci, kada su taɓa ƙasa ko bango. Kada ku naɗe su cikin leda, tsohon zanen gado ya fi, domin yana barin iska ta ratsa. Ku jingine katifa a tsaye, ku janye akwati da kabad daga jikin bango kamar taƙi ɗaya. Buhunan hatsi kuma a ɗora su bisa itace. Wannan ma ya fi na kafet nauyi, gama funfunar da take kama gyada da masara tana barin wani dafi mai lalata hanta, dahuwa kuwa ba ta kashe shi. An gano shi bayan da talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila a shekara ta 1960 saboda ƙuli-ƙulin gyada da aka ba su. Hatsin da ya yi funfuna kada a ci, kada a ba kaji.

A gidanmu yanzu, da Yuli ya kama mukan naɗe kafet mu ɗora shi bisa katako biyu a saman kabad, mu yi damina a kan tabarma. Baƙi sukan tambaya ko sayarwa muka yi. Sai wajen ƙarshen Oktoba, sa'ad da iskar gabas ta soma busowa, muka ga ledar gwajin nan ta kwana a bushe, sa'an nan mu sauko da shi, ya wuni a rana, mu shimfiɗa.